Anti, wane suna zan kira kaina?

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki sakaya sunana da unguwarmu. Shekarata 17, ina aji shida a wata makarantar kwana ta 'yammata, yanzu muna gida hutu a cikin birnin Kano. Tun muna aji huɗu nake da wata ƙawa, gadonmu kusa da juna, kwanon abincinmu ɗaya. Bara na lura abin da nake ji game da ita ya wuce wanda nake ji da sauran ƙawayena. In ta zauna hira da wata raina ya ɓaci, in aka yi hutu abinci ma ba ya yi min daɗi. Wallahi ba abin da ya taɓa shiga tsakaninmu, ita ba ta ma sani ba. Samarin da ƙawayena ke rawar kai a kansu kuwa ba su cika burge ni ba, in ban da wani ɗan Islamiyyarmu da na taɓa so ina 'yar shekara 14.

Na shiga TikTok neman bayani sai na ƙara rikicewa. Wannan ta ce lesbiyan, waccan ta ce baisekshuwal, wata esekshuwal, wata demisekshuwal, kowane suna da tutarsa. Na yi gwajin intanet ya fi goma, kowanne da amsarsa daban. Wata mata da muka haɗu a Instagram, ta ce shekararta 26, ta sa ni a wani guruf na WhatsApp. Ta ce in ban faɗi ko ni wace ce ba, ƙarya nake yi wa kaina. Yanzu tana neman hotona ba mayafi, kuma ta ce mu haɗu wajen Zoo Road.

Umma tana maganar in na gama NECO a haɗa ni da ɗan yayanta. Har na fara tunanin in amince, ko aure zai gyara ni. Ina salla ina kuka, gani nake Allah Ya yi fushi da ni. Wani daren nakan ce da ma in kwanta kar in tashi. Wadda na fi sakewa da ita ita ce ƙanwar Abba, ma'aikaciyar jinya ce, amma ita ma tsoro nake ji. Anti, wace ce ni? Cuta ce ko aljani? In gaya wa Umma?

Taki, Mai Damuwa.

Wa alaikumus salam 'yata. Na karanta wasiƙarki sau uku, kuma kowane karo a wuri ɗaya nake tsayawa, inda kika ce da ma ki kwanta kar ki tashi. Daga nan zan fara, domin duk sauran tambayoyin za su iya jiran mu, wannan ba za ta jira ba. Ranki ya fi kowane suna da aka jero miki daraja. Yarinyar da ta shekara tana ɗauke da tsoro ita kaɗai, ba barcin kirki, ba abincin kirki, dole zuciya ta gaji har ta fara irin wannan saƙe-saƙen. Gajiya ce da damuwa, kuma ana maganinsu. In tunanin ya taɓa wuce fata ya koma shirin cutar da kanki, a daren nan ki tashi wani babba a gidan ki ce masa ba ki da lafiya, a kai ki asibiti. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau da aikinsa ke nan. Mutane na jin Dawanau su ce ai na mahaukata ne, alhali da yawa daga masu zuwa can rashin barci da fargaba da ƙuncin rai ne ya kai su, su ga likita su koma gida a ranar. Ba sai kin faɗi dalilin damuwarki ba kafin a taimake ki. “Ba na barci, ina yawan kuka, ina tunanin mutuwa” ya isa likita ya fara aikinsa.

Sai matar Instagram. A nan ba zan sassauta murya ba: kar ki tura mata hoto ko ɗaya, kar ki je Zoo Road, kar ki gaya mata sunan makarantarku ko unguwarku. Babbar mace mai shekara 26 da ke neman hoton 'yar shekara 17 ba mayafi, tana kuma matsa mata su haɗu a ɓoye, ba mai taimako ba ce, ko da kuwa duk abin da ta faɗa game da kanta gaskiya ne. Ballantana ma ba ki da tabbacin mace ce, ba ki da tabbacin shekarun. A Najeriya akwai wata mugun sana'a da ake kira kito: a yaudari mutum ta waya, a sa ya saki baki ko ya tura hoto, a kira shi wani wuri, sannan a ƙwace waya da kuɗi, wani lokaci a haɗa da duka, a ce in bai ci gaba da biya ba za a kai wa iyayensa ko a watsa a duniya. Masu yin ta sun san wanda suka kama ba zai iya kai ƙara ba, shi ya sa suke cin karensu babu babbaka. Ki fita daga guruf ɗin yau, ki toshe lambarta da shafinta, ba sai kin yi mata sallama ko bayani ba. In kuwa kin riga kin tura wani abu kuma ta fara yi miki barazana, kar ki biya ko sisi, domin wanda ya karɓa sau ɗaya zai dawo. Ki adana saƙonnin barazanar, ki nemi babba guda da kika yarda da shi. Laifin na mai barazanar ne, dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta abin da take yi.

Ki lura kuma da kalmar da ta kama ki da ita, wai in ba ki faɗi ko ke wace ce ba ƙarya kike yi wa kanki. Wanda bai san amsa ba ya ce bai sani ba, gaskiya ya faɗa. Mai ƙarya shi ne wanda aka matsa wa ya zaɓi suna don a bar shi ya huta.

Dole kuma in gaya miki inda kike zaune, domin yawancin masu bidiyon da kike kallo suna magana ne daga Amurka ko Ingila, inda dokarsu da rayuwarsu daban. A nan, dokar tarayya da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi ɗaya, da shekara 10 ga shiga ƙungiyoyinsu ko nuna irin wannan soyayya a bainar jama'a. Kano kuma tana da dokar shari'ar Musulunci tun 2000, mai hukunci mai tsanani a kan luwaɗi da maɗigo, ga Hisbah da ke kame a kan haka. A watan Disamban 2022 ta kama mutum 19 bisa zargin bikin auren jinsi a nan cikin gari. Babu dokar da ta hukunta abin da ke cikin zuciya, kuma ke ba ki aikata komai ba. Amma ni da ke mun san garinmu: kafin a je gaban alƙali, zargi kaɗai ya isa a kori yarinya daga makaranta, ya bi ta har gidan aure, ya shafi ƙannenta. Ni ma makarantar kwana na yi, kuma na ga yarinyar da aka tattara wa kayanta saboda wata wasiƙa da aka tsinta a akwatinta, ba a ko saurare ta ba. Har yau ina tuna fuskarta a bakin ƙofa. Don haka shawarar “fito ki bayyana kanki” da ake bayarwa a TikTok ba da ke aka yi ta ba. Kar ki sa tuta ko wani suna a shafinki, kar ki rubuta a littafin da za ki koma da shi makaranta. Magana zarar bunu ce, wadda ta hau intanet kuma ta fi kowace wuyar komawa.

Yanzu mu zauna a kan sunayen nan da suka hana ki barci. Ba abin tsoro ba ne in aka warware su. Lesbiyan, mace ce da zuciyarta ke karkata ga mata. Baisekshuwal, wanda ke karkata ga maza da mata. Esekshuwal, wanda ba ya jin sha'awar kowa, ko kuma kaɗan yake ji. Demisekshuwal, wanda ba ya jin komai sai ga mutumin da suka daɗe suka shaƙu. Abin da ba a gaya miki ba shi ne yawancin kalmomin nan jarirai ne. Ita kanta kalmar Turawa ta son jinsi ɗaya, wani marubuci mai suna Karl-Maria Kertbeny ne ya ƙirƙiro ta wajen 1869. Dandalin intanet da ya yaɗa kalmar esekshuwal a 2001 aka kafa shi, demisekshuwal kuwa bayan nan ta fito, a cikin hirarrakin wannan dandalin. Mutane ne suka ƙera su don su bayyana abin da suke ji, kuma ba zan raina su ba, domin akwai waɗanda samun kalmar ya sauke musu nauyi, suka gane ba su kaɗai ba ne. Sai dai kalma bayani ce da ake yi bayan an daɗe da zama da abu an san shi. Ke kuma an juya miki tsarin, an ce ki fara zaɓen suna sannan ki gano kanki. Kamar a kai yarinya mai tasowa Kantin Kwari a ce ta yanki atamfar da za ta sa har tsufa, a ɗinka daidai jikinta na yau.

Masu binciken kansu sun daɗe da gane abin ba layi biyu ba ne. Tun 1948 wani masani Ba'amurke, Alfred Kinsey, ya fito da ma'auni daga 0 (mai karkata ga ɗaya jinsin kaɗai) zuwa 6 (mai karkata ga jinsinsa kaɗai), don ya nuna mutane da yawa suna tsakani. Wata malamar jami'a a Amurka, Lisa Diamond, ta bi rayuwar 'yammata kusan 80 waɗanda suka ce suna jin karkata ga mata, har tsawon shekara 10. Kusan biyu cikin uku sun canza sunan da suke kiran kansu aƙalla sau ɗaya, wasu ma suka ajiye sunayen gaba ɗaya. Waɗannan a ƙasar da aka saba da kalmomin ke nan. To ina ga gwajin intanet mai tambaya goma, wanda aka yi shi don a tara masu dannawa a nuna musu talla? Ai dole kowanne ya ba ki amsarsa. Shi kuma TikTok, duk bidiyon da kika tsaya a kansa, gobe zai kawo miki goma irinsa, har ki ɗauka duniya ba ta da wani zance sai wannan.

Kin tambaye ni wace ce ke. Ba zan yi miki ƙaryar cewa na sani ba, kuma duk wanda ya yanke miki hukunci daga wasiƙa ɗaya ya zalunce ki. Abin da kika kwatanta yana iya zama abu fiye da ɗaya. Yana iya zama shaƙuwa mai ƙarfi irin ta makarantar kwana. An raba ki da Umma da 'yan'uwanki kina ƙarama, wadda ta zame miki uwa da 'yar'uwa da abokiyar sirri ita ce wannan ƙawar. Kishi a kanta da kewarta ba baƙon abu ba ne. Mu Hausawa mun san ƙawance tun kafin waya ta zo. Kakanninmu suna da babbar ƙawa da suke anko tare, su yi fushi in ta fifita wata, su yi kuka ranar da aka kai ta gidan miji kamar an yi mutuwa, kuma ba wanda ya ce da wani abu a ƙasa. Ina baƙin cikin yadda zargi ya shiga tsakanin 'yammata yanzu, har riƙe hannun ƙawa ya zama abin kallo. Yana kuma iya zama abin da kike tsoro ne, wato karkatar zuciya ta gaske, wadda ga wasu takan wuce, ga wasu kuma takan zauna har girma. In na ce miki tabbas zai wuce, na faɗi abin da zai faranta miki yau ya jefa ki cikin wani ruɗanin gobe. Rashin damuwa da samari a shekara 17 kuwa ba hujjar komai ba ce. 'Yammata da yawa ba sa fara jin komai da wuri, wasu kuma rawar kan da kike gani kwaikwayon juna ne kawai.

Akwai abu na uku da nake so ki duba. Kin yi gwaji fiye da goma, kina auna zuciyarki dare da rana. Akwai wani nau'in waswasi da likitoci suka sani, inda tambaya ɗaya ke maƙale wa mutum, ya yi ta bincike, kowace amsa ta kwantar masa da hankali na minti biyar sannan shakka ta dawo da ƙarfi. Kamar mai maimaita alwala ne: yawan wankewar ba ya kawo yaƙini, ƙara shakka yake. Ko wace ce amsarki ta ƙarshe, wannan binciken ba zai kai ki gare ta ba.

Cuta ce? A wajen likitoci, a'a. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire son jinsi ɗaya daga jerin cututtuka a 1973, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi haka ranar 17 ga Mayun 1990. Wani babban bincike da aka wallafa a 2019, a kan kusan mutum rabin miliyan, ya nuna babu wata ƙwayar halitta guda da ke haddasa shi. Abubuwa ne da yawa suke haɗuwa, kuma ba zaɓa mutum yake yi ya ji abin da yake ji ba. Don haka ki daina tuhumar kanki ko tarbiyyar Umma. Babu kuma wata allura ko ƙwaya ko jiƙo da aka tabbatar tana juya zuciya, abin da aka fi gani ga waɗanda aka tilasta wa irin wannan “gyara” shi ne ƙarin ƙunci da tunanin kashe kai. Maganar aljani kuwa, karanta Alƙur'ani da azkar a kan kanki alheri ne, ki riƙe su, suna sanyaya zuciya. Amma duk wanda zai kulle ki a ɗaki, ko ya dake ki, ko ya turara miki hayaƙi har ki shiɗe, ko ya keɓe da ke ya taɓa jikinki da sunan ruƙiyya, cutar da ke yake yi. An sha gano gidajen mari a Kano da Kaduna, musamman a 2019, inda aka fito da mutane ɗaure da sarƙa waɗanda iyayensu suka kai da niyyar gyara.

Na san abin da ya fi ci miki rai shi ne tsakaninki da Ubangijinki. Ni ba malama ba ce, amma abin da zan faɗa sananne ne a Islamiyyar da kika yi. Malamanmu sun haɗu a kan haramcin aikata luwaɗi da maɗigo, ba zan ɓoye miki wannan ba, ke ma kin sani. Amma su ɗin dai sun bambanta aiki da abin da ke ɗarsuwa a zuciya. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa Allah Ya yafe wa al'ummar nan abin da zukatansu suka raya musu, matuƙar ba su aikata ko sun furta ba. Ƙarshen Suratul Baƙara ya ce Allah ba Ya ɗora wa rai sai abin da zai iya, aya ta 53 a Suratuz Zumar kuma ta hana yanke ƙauna daga rahamarSa, kuma da masu laifi ma take magana, balle ke da ba ki yi komai ba. Waye ya gaya miki an yi fushi da ke? Yarinyar da ke tsayuwa salla tana kuka ba korarriya ba ce. Kar ki bar salla don kina jin ba ki cancanta ba. Wannan tunanin shi ne abin gudu. Yadda za ki daidaita imaninki da zuciyarki in abin ya zauna, tafiya ce mai tsawo da za ki yi da hankalin babba, ba a daren nan za a gama ta ba.

Ƙawarki fa? Ita ma 'yar mutane ce, shekarunta kamar naki, kuma ba ta san komai ba. Shawarata kar ki gaya mata. In ta tsorata ta faɗa wa mutum ɗaya, zancen ya gama ɗakin kwana kafin asuba, ku biyun kuma zai shafa. In kuma ba ta tsorata ba, kun shiga wani hali mai haɗari a wurin da ba ku da mai kare ku, ga jarrabawa a gaba. Amma kar ki yanke ta rana ɗaya ba dalili, za ki ji mata ciwo, kuma masu sa ido za su fara tambaya. Ki ci gaba da mutunta ta, sai dai ki faɗaɗa da'irarki: ki shiga rukunin masu bitar darasi, ki ci abinci da wasu ma, ki rage keɓewa ku biyu. Wannan zai rage miki zafin kishin, zai kuma nuna miki wani abu game da zuciyarki wanda gwajin intanet ba zai nuna ba. Nan da 'yan watanni za ku gama makaranta kowa ya kama gabansa. Yadda za ki ji bayan shekara guda da rabuwa zai gaya miki abu mai yawa.

Batun ɗan yayan Umma, ina roƙonki kar ki amsa don neman magani. Aure ba asibiti ba ne. Shi ma bawan Allah yana da haƙƙi, zai shigo da zuciya ɗaya yana zaton an so shi, alhali gwaji ake yi da rayuwarsa. Kuma auren zumunci in ya lalace ba mutum biyu yake rabawa ba, Umma da yayanta ne za su daina gaisawa. Wataƙila nan gaba ki so shi, ko ki so wani, kamar yadda kika taɓa son ɗan Islamiyyar nan; ban rufe wannan ƙofar ba. Amma a bari sai kin san me kike amsawa. Addini ya ba ki wannan damar, domin hadisi ya ce a nemi izinin budurwa kafin a aurar da ita. Sai dai ki kula, a al'adarmu da a hadisin ma shirun budurwa yarda ne, don haka in kika sunkuyar da kai kika yi shiru, an gama. Ki buɗe baki cikin ladabi: “Umma, ina so in rubuta JAMB in ci gaba da karatu, don Allah a ɗaga maganar nan.” Ba ƙarya a ciki. Ga BUK nan a gari, ga makarantun koyon jinya da ungozoma, ga kwalejojin ilimi. Ba sai kin bar gaban iyayenki ba. Karatu da sana'a su ne za su ba ki ikon yanke shawarar rayuwarki, ko wace iri ce.

In gaya wa Umma? Ba yanzu ba, kuma ba da waɗannan kalmomin ba. Ban ce haka don Umma ba ta son ki ba. Uwar da ke tunanin aurenki tun yanzu, tsoron makomarki ne ke ranta. Amma in kika ce mata lesbiyan ko maɗigo, ba za ta ji “'yata tana cikin ruɗani” ba, za ta ji an riga an lalata miki rayuwa, kuma uwa in ta firgita takan yi abin da za ta yi nadama: ta gaya wa Abba cikin kuka, a cire ki daga makaranta, a gaggauta auren, a kira mai ruƙiyya. Za ki ba ta sunan da ke kanki ba ki tabbatar ba, ita kuma ba za ta taɓa mantawa da shi ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma addini ma ya so mutum ya rufa wa kansa asiri. Abin da Umma ta cancanci sani yau shi ne 'yarta ba ta da walwala kuma tana bukatarta. Ki zauna kusa da ita a kicin, ki ce kina cikin damuwa, ta sa ki a addu'a. Wannan kusancin zai yi miki amfani fiye da yadda kike zato.

Gwaggonki ma'aikaciyar jinya ita ce ƙofar da nake ganin ta fi kusa, amma a shiga da sannu. Ki fara da rashin barci da kuka da tunanin mutuwa, ki roƙe ta ta raka ki wajen likita. Ki lura da yadda ta riƙe wannan: ta kai wa Abba a ranar, ko ta tsaya ta saurare ki? Ki tuna kuma yadda take magana in an kawo gulmar 'yar wani, domin mai yaɗa sirrin wasu za ta yaɗa naki. In ta ci wannan jarrabawar, ke za ki ga ko za ki ƙara mata wani abu, kuma ba dole ba ne. Haka in kin zauna da likita, tunda ba ki kai 18 ba, ki fara tambaya: “Abin da zan faɗa, me za a gaya wa iyayena?” Likitoci ma 'yan garin nan ne, akwai mai fahimta akwai mai wa'azi. In kika ga an fara yi miki kallon banza, ki tsaya a kan maganar barci da damuwa, ki nemi wani. In Gwaggo ba ta yiwu ba, ki duba cikin yayyenki mata ko wata malama mai riƙon amana, amma kar ki kai wannan zance ga hukumar makaranta.

Ga abin da nake so ki yi daga yau zuwa ƙarshen NECO. Ki cire TikTok daga wayarki, ko aƙalla ki daina bin shafukan nan, ki goge tarihin bincikenki, ki sa wa wayar makulli, domin ƙanne da 'yan'uwa suna ɗaukar waya. Ba sauran gwaji. In tambayar ta taso miki da dare, ki ce mata “na ji ki, ba yau ba”, ki ajiye wayar a falo ki kwanta. Ki ci abinci ko ba kya jin yunwa. In mutum ya tambaye ki ko ke wace ce, sunan da Abba ya raɗa miki ranar suna ya ishe shi amsa.

Ki sake rubuto min bayan kin yi magana da Gwaggo, ko da layi biyu ne, in san kin toshe matar nan kuma kin fara samun barci. In kin gama jarrabawa kuma mu sake zama a kan sauran. Allah Ya tsare min ke, 'yata.

Antinki.